Ajin Kawu a Gindin Mangwaro

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya rasu wata Talata bayan azahar, ana tsakiyar cirar gyaɗa, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ina Kano waya ta same ni, kuma duk gudun da direban bas ɗin Karaye ya yi ban samu jana'iza ba. Na tarar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, babban ɗan Kawu yana zaune kusa da liman yana karɓar gaisuwa. Aka matsa min, na zauna a gefensa. Muka yi musafaha, bai ɗago ya dube ni ba.

Mutane suka yi ta zuwa. Tsofaffin ma'aikatan ƙaramar hukuma da suka yi zamani da shi yana malamin gona, manoman Daura ta nan gefenmu, 'yan kasuwar hatsi. Kowa in ya ce "Ya haƙuri?" aka shafa addu'a, sai ya ɗan gyara zama ya faɗi nasa. Wani ya ce Kawu ne ya hana shi cinye irin gyaɗarsa wata shekara da ruwa ya yi gardama, har gida ya bi shi da faɗa. Wani ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke gane iri mai kyau da haƙori kamarsa ba, ƙwaya ɗaya zai ciza ya ce maka shuka ko kar ka shuka.

Washegari da hantsi wani dattijo ya sauka daga babur, tun daga Beli ta ƙasar Rogo. Ya haura tamanin. Aka miƙa masa hannu za a taimaka masa ya zauna, ya ture hannun.

"Ku bar ni," in ji shi. "Mai gidan nan ne ya koya min zama da tashi. Ba zan zo gaisuwarsa a riƙe ni ba."

Ya lanƙwasa gwiwa a hankali har ya kai tabarma. Ya ce shekara biyu yana sallah a zaune bayan wata faɗuwa da ya yi, tsoron tsayuwa ya shige shi. Kawu ya ji labarinsa a bakin wani, ba su haɗa dangi ba, amma duk Alhamis sai ya hau babur ya je Beli, har ranar da dattijon ya shiga sahu ya yi Juma'a a tsaye. Da ya gama sai ya juyo gare ni.

"Kai ne ɗan ƙanwar tasa na Kano? Allah sarki. Ai ba ya zama bai ambace ka ba. Cewa yake kai ba ka taɓa ɓata masa rai ba."

Na sunkuyar da kai, mutane suka zaci kuka ne ya zo min. Ɗan Kawu yana gefena yana jan carbi. A duk taron nan mu biyu kaɗai muka san maganar dattijon ba haka take ba. Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina so a san wane ne Kawu, kuma ba zan iya faɗin wane ne shi ba tare da na faɗi abin da na yi masa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ina da shekara bakwai ta rasu, ya ɗauko ni a bayan kekensa ya kawo ni gidansa, ya ce wa matarsa, wadda duk muke kira Inna, "Ga wani ɗan naki." Ɗaki ɗaya muka tashi da ɗansa, tsararrakin juna ne, kuma taubasai, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Wanda ya san Kawu a ƙarshen rayuwarsa kaɗai ba zai yarda ba in aka ce masa mutum ne mai gaggawa. Tafiyarsa kamar ana korarsa. Tuwo da zafinsa yake ci, yana ci yana faɗa. In ya aike ka, kafin ka sa takalmi ya tambaye ka ko ka dawo. Inna takan ce da a ce ana sayar da haƙuri a kasuwar Karaye, da ta saya masa ko da tiya ɗaya ce.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru hawan jini ya buge shi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Aka kawo shi asibiti Kano, da aka sallame shi ya zauna a gidana wata huɗu, ina kai shi gashin ƙashi. A can akwai wata likita, yarinya ce a kansa, ta yi karatu a ƙasar Sin. Duk Asabar da safe takan tara masu jinya irinsa a wani fili ta koya musu wani motsa jiki na mutanen can, mai suna tai ci. Ba tsalle, ba gudu. Mutum ya tsaya, ya saki kafaɗa, ya riƙa motsa hannu da ƙafa a hankali yana bin numfashinsa.

Ranar farko Kawu ya tsaya yana kallo, ya ce, "'Yata, ni ƙafa na kawo ki gyara min, ba rawa na zo koyo ba."

Ta ce, "To Baba, ɗaga ƙafa ɗaya ka tsaya, in ƙirga."

Ba ta kai uku ba ya dafa ni.

"Ranar da na kai ashirin kana tsaye, sai ka daina zuwa," in ji ta.

Kawu ba ya son a ƙure shi. A tsakar gidana yake yi safe da yamma, yana gunaguni. Ya kai ashirin cikin wata na uku, amma bai daina zuwa ba. Abin da na lura da shi, ba ƙafar kaɗai ta sauya ba. Ya fara barin tuwo ya huce. Ya fara bari ka gama magana kafin ya amsa.

Da ya koma Karaye sai ya ce abin da ya amfane shi ba zai ɓoye wa tsararrakinsa ba. Bayan gidansa akwai garka mai bishiyoyin mangwaro guda huɗu. Nan ya fara da mutum biyu, wani tsohon direba da wani tela maƙwabcinsa mai ciwon gwiwa. In rana ta ɗan ɗaga sai su hallara. Sunan abin ma ya zama abin dariya, mutane suna cewa, "Tai ci? Wace ce ta yi cin, kuma me ta ci?" Kawu bai damu ba. Sunayen motsin da likita ta koya masa duk ya watsar, ya raɗa musu nasa. Akwai shiƙar gero, akwai jan guga, akwai tura ƙyauren rumbu, akwai tsallake kunya. Manomi in ka ce masa ya yi shiƙa a hankali ba sai ka yi dogon bayani ba.

Maganarsa kullum ita ce, "Ƙafa ɗaya ta zauna tukuna kafin ɗaya ta tashi." Wani lokacin kuma, in ya ga tsoho ya ɗaure fuska yana yunƙuri, sai ya ce, "Malam, saki kafaɗar, ba buhu na ɗora maka ba."

Da aka fara raɗe-raɗin wai bautar mutanen Sin yake koya wa Musulmi, bai tsaya musu da kowa ba. Ya je ya ɗauko liman ya zaunar da shi a kan kujera a gindin mangwaro, aka yi komai a gabansa daga farko har ƙarshe. Liman ya ce bai ga an rusuna wa kowa ba, bai ji an kira sunan wani abu ba. Da zai tafi ya ja Kawu gefe ya tambaye shi ko a cikin motsin akwai wanda ke maganin ciwon baya. Kafin shekara ta zagayo sun haura mutum ashirin. Inna kuma tana yi da matan unguwa a cikin gida.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne ɗansa. Malami ne a sakandare, kuma ɗalibai ba su da dama. In ya juya yana rubutu a allo sai wani ya miƙe yana shiƙar iska, aji ya fashe da dariya. Wata rana ya sami Kawu ya roƙe shi ko dai a kewaye garkar da zana, ko a koma zaure.

"Kunyata kake ji?" in ji Kawu.

"Baba, ba haka ba ne. Mutane ne..."

"Da nake kwance ana juya ni kamar buhu, mutanen suna ina? Sata muke yi da za mu ɓuya?"

Tsohon halin ya motsa ranar, har maƙwabta sai da suka ji. Ɗan ya fita ransa a ɓace, ya ce shi dai ya faɗa, duk abin da ya biyo baya kar a neme shi. Wannan kalmar ita ta zame masa igiya a wuya daga baya.

Babbar sallah ta shekara biyu da suka wuce na je gida. Kwana biyu da sallah, da safe, na leƙa garka ta kan katanga na gan su, tsofaffi cikin jallabiya da 'yar shara suna ɗaga hannu a hankali kamar masu lalube a cikin ruwa. Na ciro waya na ɗauka. Ana cikin tsallake kunya tela ya rasa ƙafa ya zauna daɓas, hularsa ta gangara, ya bi ta da rarrafe. Na yi dariya ni kaɗai. Muna da guruf a waya, na waɗanda muka gama sakandare tare, taubashina yana ciki. Na tura bidiyon can na rubuta, "Ɗan namiji, ga tsohonka da rundunarsa suna kamun ƙuda."

Wallahi shi na nufa da tsokanar, kamar yadda muka saba. Bai amsa ba, ya fice daga guruf ɗin. Na koma Kano na manta.

Bayan mako ɗaya bidiyon ya dawo wayata daga hannun wani da ban ma sani ba. An goge rubutuna, an ɗora kiɗan kalangu, an maimaita faɗuwar tela sau uku. Ya zaga Karaye, ya kai Rogo. 'Yan acaɓa a bakin tasha in sun hango ɗaya daga cikin tsofaffin sai su fara shiƙa. Tela, mutumin da ya ɗinka wa rabin garin kayan aure, ya zama ba ya iya wucewa ta kasuwa. 'Ya'yan tsofaffin suka fara hana iyayensu zuwa, suna cewa girma ya faɗi. Cikin wata guda ajin ya koma mutum huɗu.

Kowa ya ga daga cikin gida aka ɗauki hoton, ta kan katangarmu. Kowa ya ji daga guruf ɗin su wane ya fito. Kowa kuma ya ji faɗan da aka yi tsakanin Kawu da ɗansa. Ba wanda ya tuna da ni, baƙon kwana uku.

Kawu ya kira ni a waya. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ne da ya fi min sauƙi.

"Ɗan ƙanwata, ka ga abin da ɗan'uwanka ya yi min?"

Ina tsaye a bakin ofis. Kalma uku ce kawai zan faɗa, "Ni ne, Kawu." Na tuna bayan keken nan, na tuna yadda yake nuna ni wa mutane. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, a yi haƙuri."

"Ni ba don kaina ba," in ji shi. "Mutanen nan amana suka ba ni. Tsoho ba ya yarda ya ɗaga ƙafa a gaban kowa sai wanda ya amince da shi."

Na ce wa kaina in ƙura ta lafa zan je in faɗa masa baki da baki. Na je, ba sau ɗaya ba. Zuwan farko ya zaunar da mu mu biyu a zaure, ya dubi ɗansa ya ce, "Tare na raine ku, kwano ɗaya. Ka dubi ɗan'uwanka ka yi koyi." Taubashina ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Jira yake in yi magana. Ni kuwa na ci gaba da wasa da makullin da ke hannuna. Tun daga ranar bai sake ce min ɗan mace ba, sai dai ya gaishe ni kamar baƙo.

Kawu bai kori ɗansa ba, bai zage shi ba. Gaisuwa yana amsawa. Amma ya daina cin abinci da shi, ya daina shawara da shi a kan gona, in zai aika saƙo sai ta bakin Inna. Gida ɗaya, shekara biyu. Ita ma Inna ta juya wa ɗanta baya, tana cewa ya tozarta ubansa a idon duniya.

Da damina ta zagayo tela ya zame a banɗaki, ƙugunsa ya karye. Ya yi wata goma rabonsa da garka. Ba zan rantse cewa da yana zuwa ba zai faɗi ba, wannan sanin na Allah ne. Amma ban taɓa iya raba faɗuwar nan da waccan da na ɗauka a waya ba. Bai sake takawa ba. Kawu kullum in ya sallami mutum huɗunsa sai ya shiga gidan tela, ya zauna a bakin gado, su yi jan guga da shiƙar gero da hannu kawai. Matar tela ta ce lokacin nan ne kaɗai take jin dariyar mijinta.

Ganina na ƙarshe da Kawu wata biyu ne kafin rasuwarsa. Na same shi a garka shi kaɗai, ranar ruwa ya hana sauran fitowa. Ya ce in cire takalmi in tsaya a bayansa. Na bi shi muna yi, ƙasa da sanyi, ganyen mangwaro yana ɗigar mana da ruwa. Can ya zagayo ya dafa kafaɗuna da hannu biyu.

"Kai kuma me ka ɗauko haka? Kafaɗar nan kamar itace."

"Aiki ne, Kawu."

"To sauke shi. Ba abin da mutum zai ɗauka shi kaɗai ya kai gida lafiya."

Ya tsaya yana dubana, ya ba ni lokaci, don ya riga ya koyi jira. Na duba agogo na ce mota za ta tashi.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, na ga taubashina ya saɓi fartanya ya nufi gona. Gyaɗar da Kawu ya bari a cire tana kwance a kan kunya, in ba a juya ta ba za ta ruɓe. Na bi shi. Muka yi ta juyawa har muka kai ƙarshen kunya ta uku.

Na ce, "Ɗan'uwa, ni fa..."

"Na sani. Ai ina cikin guruf ɗin." Bai daina aiki ba. "Shekara biyu ina jiranka."

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

Ya miƙe ya share gumi. "Da farko cewa na yi ba ni zan tona ka ba, kai za ka zo da ƙafarka. Daga baya kuma na ga ni in ya yi fushi da ni, ni ɗansa ne, ba inda za ni, ba inda za shi. Kai kuwa amanar ƙanwarsa ce. Mutumin da jini ya taɓa bugewa, in ce masa kai ne? Ban iya ba."

Na durƙusa a cikin kunya na ce ya yafe min.

Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, "Ranar Talatar nan kansa a cinyata yake. Ya kama hannuna ya ce, na yafe maka abin da ka yi min, kai ma ka yafe min shariyar da na yi maka. Ya yafe min abin da ban yi ba, na ce na gode, Baba." Ya dube ni. "Yafiyar nan taka ce, ba tawa ba. Ban san yadda ake miƙa wa mutum irinta ba. Nawa haƙƙin zan yi ƙoƙari, ka ba ni lokaci. Amma shi ya tafi, Inna tana nan. Har yau in na shiga ɗakinta kawar da kai take yi."

Ban koma ƙofar gida ba, kai tsaye na shiga ciki. Inna tana zaune a kan tabarma cikin takaba, mata biyu na tare da ita. Na roƙe su su ba mu wuri. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata duka, katangar, rubutun da na yi, wayar da Kawu ya yi min, zaman zaure. Ban rage komai ba. Tana saurare, carbin ya tsaya a hannunta.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube ni kamar tana neman yaron da ta yi wa wanka a fuskata, sannan ta ce, "Tashi ka kira min ɗana."

Na koma gona na kira shi. Ya shiga da ƙasa a ƙafarsa, aka saki labule. Ni na tsaya a tsakar gida, ina jin tsohuwar da ta raine mu tana kuka tana roƙon ɗan cikinta gafara, shi kuma yana cewa, "Haba Inna, haba Inna, daina."

Gidan tela na je washegari, sauran tsofaffin kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun ce sun ji. Wanda ya fi cancanta in durƙusa a gabansa shi ne ba zan samu ba.

Ya Allah, bawanka ya tayar da waɗanda suka kasa tashi, ya zauna da waɗanda aka manta. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta. Ka saka wa ɗansa da abin da ni ba zan iya ba. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa Kawu addu'a tukuna. In ta ragu, ya sa da ni.